Sharhi: Ɗalibar Attantane, Masaukin Birni da Awa 72 na Farko

Batun cin zarafin ɗalibai mata a manyan makarantu akan ɗauke shi a matsayin matsalar 'yan birni, alhali nauyinsa yana sauka har a kan garuruwan da ba su taɓa ganin ginin jami'a ba, irin su ƙaramar hukumar karkara ta Attantane da ke cikin gundumar Mayahi a jihar Maraɗi. Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya san tsarin karatun boko a Nijar: shekara 6 a firamare, shekara 4 a kwaleji har zuwa jarrabawar BEPC, sannan shekara 3 a lise kafin jarrabawar bakaloriya, wadda ita ce ƙofar shiga jami'a, kuma kowane mataki yana ƙara nisanta 'yar ƙauye da gidan ubanta, daga ƙauyensu zuwa garin da ke da kwaleji, daga nan zuwa Mayahi ko Tasawa, daga can kuma zuwa Maraɗi, inda aka kafa jami'ar gwamnati a 2010 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko zuwa Damagaram, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Binciken yawan jama'a da lafiya na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai wajen kashi 89. Saboda haka yarinyar da ta haye waɗannan shekaru 13 ba tare da an cire ta daga aji ba, ƙauye ne gaba ɗaya yake zuba mata ido, kuma abin da ya same ta a birni, alheri ne ko akasinsa, shi ne hujjar da iyayen ƙannenta da na maƙwabta za su kafa ranar da aka zo maganar barin wata ta tafi.

Dokar ƙasa ta bambanta laifuka biyu da mutane sukan gwama a magana. Na farko shi ne fyaɗe, wato saduwa da mutum ta hanyar ƙarfi, ko tilastawa, ko barazana, ko shammata, kuma kundin hukunta laifuka na Nijar, kamar yadda aka gyara shi a watan Yuni na 2003, ya yanke masa ɗaurin da ya kama daga shekara 10 har zuwa 30, gwargwadon shekarun wadda aka zalunta da yanayin da aka aikata laifin. Na biyu shi ne matsin lamba na neman lalata, wato mutum ya riƙa amfani da umarni, ko razanarwa, ko takurawa domin a biya masa buƙatarsa, ko da hannunsa bai kai ga jikin wadda yake nema ba. Wannan gyara na 2003 ne ya shigar da shi cikin kundin, da hukuncin wata 3 zuwa 6 da tarar jaka 10 zuwa jaka 100 na kuɗin sefa, idan kuma mai laifin ya fake ne da ikon da aikinsa ya ba shi, ɗaurin yakan kai kusan shekara guda, tarar kuma ta kama daga jaka 20 zuwa 200. Duk wanda ya auna wannan hukunci da asarar ɗalibar da aka kayar da gangan har ta bar karatu zai ga cewa sikelin bai daidaita ba. Majalisar dattawan Najeriya, a ƙudurin da ta zartar a watan Yuli na 2020 kan malaman manyan makarantu, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko da yake ƙudurin bai samu sa hannu ba har wa'adin shugaba Buhari ya ƙare a 2023. Abin da ya haɗa laifukan biyu shi ne rashin yarda, kuma yardar da aka karɓa daga wadda makinta, ko abincinta, ko wurin kwananta ke hannun mai nema, sunanta kawai yarda.

Hoton da iyaye da yawa suke da shi na wannan haɗari shi ne na baƙon fuska da ke laɓe a lungu cikin duhu, shi ya sa nasihar da ake yi wa yarinya ranar tafiya ba ta wuce ta guji yawon dare da kula samarin da ba ta sani ba. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya yi ta nuna akasin haka, cewa yawancin waɗanda aka yi wa fyaɗe sun san wanda ya yi musu, kuma sau da yawa mutum ne da ake girmamawa ko ake dogaro da shi. Ga 'yar Attantane wannan dogaro yana farawa ne tun kafin jami'a, a gidan mai masauki, wato ɗan uwa, ko ɗan gari, ko aminin uba da aka damƙa masa amanarta a Mayahi ko Tasawa. Uba yakan kai ta da 'yan tiyoyin gero da wake, ya yi godiya, ya koma gona, ita kuma ta shiga gidan a wani matsayi da ba na 'ya ba, ba na baƙuwa ba: ita ce mai ɗebo ruwa da asuba kafin ta ɗauki littafi, ita ake aika ta kai wa mai gida ko babban ɗansa abinci har ɗaki, tana kwana a ɗakin da labule ne ƙofarsa, tana wanka a makewayin da zana ce katangarsa. Mafi yawan masu masauki mutanen kirki ne da suke ɗaukar wannan nauyi domin zumunci, kuma ba don su ba da 'yan karkara da yawa ba su ga ƙofar lise ba. Matsalar tana cikin tsarin kansa, domin idan aka samu ɓata-gari a gidan, yarinyar ta san cewa faɗar gaskiya na nufin rasa masauki, rasa masauki kuma na nufin komawa ƙauye, inda abin da ke jiranta shi ne aure da tambayar abin da ya koro ta.

A jami'a dogaron yana sauya kama ne kawai. Ɗakunan kwanan da hukumar kula da walwalar ɗalibai ke rabawa ba sa isar kowa, alawus ɗin karatu yakan yi jinkiri har ɗalibai su fita zanga-zanga a kansa, kuma wadda ba ta da gata a birni takan kama haya a unguwa mai nisa, ta dogara da ɗan kabu-kabu wajen dawowa bayan darasin yamma. Sama da duka akwai maki. Malamin da ya koyar da darasi shi ne ke tsara tambayoyi, shi ke gyara takardu, shi ke miƙa sakamako, kuma idan aka kai matakin rubuta kundin kammala digiri, ɗaliba takan shafe watanni tana bin malami guda wanda sa hannunsa kaɗai zai ba ta damar tsayawa gaban masu tantancewa. Wanda ya yi niyyar ɓarna a irin wannan matsayi ba ya buƙatar ɗaga murya. Ya isa ya ce ta same shi a ofis bayan an tashi, ko ya ce ta kawo masa aikin gida, ko ya tambaye ta cikin raha ko tana son wucewa bana. Ikon bai tsaya ga malamai ba, domin ma'aikacin da ke shigar da maki a kwamfuta, da mai raba ɗakuna, da manyan ɗalibai masu faɗa a ji a ƙungiya duk suna riƙe da wani abin da sabuwar ɗaliba ke tsoron rasawa. Yana da kyau a ambata a nan cewa samari ma ana cin zarafinsu, musamman ƙanana a gidajen masauki da makarantun kwana, kuma bakinsu ya fi na 'yan mata nauyi wajen faɗa.

Shari'o'in da suka fito fili a maƙwabta sun nuna yadda abin yake tafiya. A 2018 wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele ta waya yana neman ta da lalata kafin ya ba ta makin wucewa. Muryar ta bazu, jami'a ta kore shi, kuma a watan Disamba na shekarar babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara 2. A watan Oktoba na 2019 sashen binciken Afirka na BBC ya fitar da rahoton 'yar jarida Kiki Mordi, wanda aka ɗauka da ɓoyayyar kyamara a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, kuma a cikin watan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sanar da korar ma'aikata 15 bisa laifuka daban-daban, ciki har da neman ɗalibai da lalata. A farkon shekarar 2019 ɗin matasan arewacin Najeriya sun riga sun fara ba da labaransu a Twitter ƙarƙashin taken ArewaMeToo, abin da ya rushe zancen cewa wannan ɗabi'a ta kudu ce kaɗai. A Maroko ma, ƙasar Musulmi mai tsarin jami'a irin na Faransa kamar Nijar, kotu ta ɗaure wani malamin Jami'ar Hasan na Ɗaya da ke Settat shekara 2 a watan Janairu na 2022, bayan saƙonnin da aka yi musaya ta waya sun fita waje. A shari'o'in Ile-Ife, da Legas, da Settat, hujjar ta fito ne daga wayar salula ko kyamarar 'yan jarida, kuma sai da ta zagaya duniya kafin hukuma ta motsa, wanda ke nuna cewa hanyar koke ta cikin gida, idan ma akwai ta, ba ta samu amincewar ɗalibai ba. Ba abin mamaki ba ne, domin tura ɗaliba ta kai kukanta ga shugaban sashe wanda abokin shan shayin wanda take ƙara ne daidai yake da kai ƙarar kura gaban kura.

Idan abin da ake gudu ya riga ya auku, abu mafi tsada shi ne lokaci, kuma wannan ne ɓangaren da ya kamata kowane uba, da uwa, da ƙawar ɗaki su haddace. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar sida kama jiki bayan an sadu da mai ɗauke da ita, wanda ake sha kullum har kwana 28, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa dole a fara shi cikin awa 72, wato kwana 3, kuma gara a fara tun a ranar farko. Akwai kuma ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda aikinta shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace domin kada cikin ya shiga tun farko, ba zubar da wanda ya riga ya shiga ba, kuma tana iya amfani har zuwa awa 120, sai dai ƙarfinta yana raguwa da kowace rana. Ban da waɗannan akwai magungunan cututtukan sanyi, da allurar riga-kafin ciwon hanta, da kula da raunuka. A wannan zuwan ne kuma ma'aikacin lafiya yake rubuta abin da ya gani a takardar shaidar likita, wadda daga baya ita ce ƙashin bayan ƙara a kotu. Saboda haka ake so, idan zai yiwu, kada ta yi wanka kafin a duba ta, kuma tufafin da ke jikinta a lokacin a ajiye su ba tare da an wanke ba, a naɗe cikin takarda ko wani ƙyalle mai tsabta maimakon leda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata alamun. Wannan yana da wuya ƙwarai ga wadda babu abin da ranta ke so a wannan sa'a kamar ta wanke jikinta, kuma wadda ta riga ta yi wanka, ko kwana 3 suka wuce ta, ba ta rasa dalilin zuwa asibiti ba, domin sauran kulawar tana nan. Zuwa likita bai dogara da yanke shawarar kai ƙara ba. Ana iya fara neman magani, a yi tunanin kotu daga baya.

Waɗannan awoyi su ne al'adar rufin asiri take cinyewa. Yarinya takan kwana ɗaya ko biyu kafin ta iya buɗe baki ga ƙawa ko gwaggo, gwaggo ta kira uwa a ƙauye, uwa ta rasa yadda za ta tunkari uba, uba ya nemi shawarar 'yan uwansa, sannan a aika wa dangin wanda ake zargi, a sa ranar zama a zauren wani dattijo ko gaban mai gari. Kafin a kai ga cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah, a rufa wa juna asiri don kada yarinya ta rasa mijin aure, mako ya shuɗe, ƙofar magani ta rufe, alamun jiki sun gushe. Masu wannan zama galibi ba mugaye ba ne, tsoron bakin duniya ne yake tuƙa su, amma sakamakon sulhun shi ne wanda ya yi laifin ya koma ajinsa ko gidansa da sanin cewa farashin abin da ya yi bai wuce ban haƙuri da 'yan kuɗi ba, yarinyar kuma a kwashe kayanta a mayar da ita gida. Dokar da ta tsara sarautun gargajiya a Nijar ta bai wa sarakuna da masu gari ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada da na hulɗar yau da kullum, kamar gona, da bashi, da aure, amma babban laifi irin fyaɗe ba ya cikin abin da ake kashewa a fada. Asirin ma da ake cewa an rufa ba ya rufuwa, yana komawa ƙauye ne a matsayin raɗe-raɗin cewa boko ya lalata 'yar wane, ba tare da an ambaci sunan wanda ya yi ɓarnar ba.

Masu jingina wannan shiru ga addini ba su yi wa fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa adalci ba. Malamai sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta babu haddi a kanta, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya tilasta mata, bayan hukuncin da ke kansa, sai ya biya ta sadakin da ake biyan irinta. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, ɗaya daga cikin manyan Malikawan Andalus, ya tafi a kan cewa ƙwace mace da ƙarfi domin keta mutuncinta yana cikin hiraba, wato fashi, har ma ya fi fashin dukiya muni. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajirin ilimi ya sani, ta nuna cewa iƙirarin tilastawa yana ƙarfafa ne da alamun da suka bayyana a lokacin, kamar neman agaji ko zuwa da rauni a jiki, kuma mai hankali zai fahimci cewa wannan kira ne ga gaggauta bayyanawa, tun da jinkirin da dangi ke jawowa shi ne yake raba yarinyar da hujjarta. Sai dai akwai abin da ilimin likitanci ya ƙara haskakawa game da tambayar da aka fi jifan waɗannan 'yan mata da ita, wato me ya sa ba ta yi ihu ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a kan mata kusan 300 da suka je wani asibitin gaggawa a Stockholm ta ƙasar Suwidin, ya gano cewa kashi 70 cikin ɗari sun samu sandarewar jiki a lokacin da ake yi musu fyaɗe, wato tsoro ya ɗaure musu gaɓoɓi da harshe ba da zaɓinsu ba. Rashin ihu ko rashin rauni, ke nan, ba shaidar yarda ba ne, kuma wanda yarinya ta fara gaya wa, idan ya buɗe da tambayar me ya kai ta ɗakinsa, ya rufe bakinta ga kowa.

Hanyar shari'a tana farawa daga jandarmomi a karkara ko 'yan sanda a birni, ko kuma kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara, kuma wadda ba ta da halin ɗaukar lauya tana iya neman taimakon hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011. Saƙonnin WhatsApp, da muryoyin da aka turo, da jerin kiran waya hujjoji ne da bai kamata a goge su don kunya ba, kuma wanda ya yi barazanar yaɗa hoton ɗaliba domin ya rufe mata baki ya ƙara wa kansa wani laifin, tun da Nijar tana da dokar laifukan intanet tun watan Yuli na 2019. Abin da ke karya gwiwa shi ne yawon ofisoshi, inda yarinya za ta maimaita labarin da take ƙyamar tunawa a gaban mutum biyar ko shida. Don magance haka aka ɓullo da cibiyoyin da ke tara likita, da mai ba da shawara, da jami'in tsaro, da masanin doka a wuri guda, irin cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala a Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. A Nijar kuma shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fara a 2019, ya yi aiki a kan irin wannan tsari a jihohin Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram.

Ta fuskar kariya, matakin da hukumomin makarantu suka fi saurin ɗauka shi ne dokar sutura, domin ba ta cin kuɗi kuma tana samun yabo. Sutura ta kamala tana da matsayinta a addini da al'ada, amma ɗaukar ta a matsayin maganin wannan matsala kuskure ne, ganin cewa a jihar Maraɗi da wuya a ga ɗalibar da ba ta lulluɓe da hijabi ba, kuma malamin da ke riƙe maki domin biyan buƙatarsa ba tufafi yake dubawa ba, rauni da rashin gata yake nema. Abin da ke aiki shi ne rage ikon mutum guda a kan makomar ɗaliba. Nijar ta riga ta san dabarar a jarrabawar BEPC da bakaloriya, inda ake ɓoye sunan ɗalibi a sa lamba kafin takarda ta isa hannun mai gyara, kuma babu abin da zai hana a bi wannan a jarrabawar ƙarshen zango a jami'a, tare da bai wa ɗalibi 'yancin ganin takardarsa da neman wani malami ya sake gyara ta. Haka nan ganawa da ɗalibai a yi ta a lokutan aiki da ƙofa a buɗe, a haramta kiran ɗaliba gida ko otal da sunan duba aiki, a kuma rubuta ƙarara cewa babu soyayya tsakanin malami da wadda yake ba maki har sai ta fita daga hannunsa. Wannan yana kare malamin kirki ma daga ƙazafi, wanda shi ne abin da ƙungiyoyin malamai suke yawan kawowa idan aka tayar da maganar.

Horar da ɗaliban kansu yana da hujja mai ƙarfi. A Kanada, wani gwaji da Farfesa Charlene Senn ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya bi ɗalibai mata kusan 900 'yan shekarar farko a jami'o'i 3, inda aka bai wa rabinsu horon awa 12 kan gane alamun haɗari daga mutumin da suka sani, da ƙin yarda da baki tun da wuri, da kare kai da jiki; bayan shekara guda kashi 5.2 cikin ɗari na waɗanda aka horar ne aka yi wa fyaɗe, a kan kashi 9.8 na waɗanda aka bai wa takardun bayani kawai. Kanada ba Maraɗi ba ce, amma abin da horon ya fi taɓawa, wato nauyin bakin da ke hana yarinya ce wa babba a'a, ya fi ƙarfi a inda aka rene ta da kunya da sunkuyar da kai. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda ta daɗe tana gwagwarmaya kan alawus, da abinci, da motocin sufuri, tana da hanyar isa ga kowane sabon ɗalibi fiye da kowace hukuma, kuma ita ce ta fi cancanta ta koya wa samari cewa wanda ya ga ana jan ƙawarsa zuwa inda ba ta so, ko ya ji abokinsa yana alfahari da abin da ya yi, yana da abin yi ban da kawar da kai. A Amurka, bayan kisan wata ɗaliba a ɗakin kwananta a 1986, an yi dokar Clery a 1990, wadda ta tilasta wa jami'o'i wallafa adadin laifukan da aka kai musu rahoto kowace shekara. Jami'ar da ta ce ba ta taɓa samun koke ko ɗaya ba, abin da ta bayyana shi ne babu wanda ya amince ya kai mata.

Gwamnatin Nijar ta taɓa ɓangaren farko na hanyar da 'yar ƙauye ke bi zuwa jami'a. Dokar shugaban ƙasa ta 5 ga Disamba 2017 kan kare 'ya mace da tallafa mata a lokacin karatu, da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019, sun buɗe wa yarinyar da ta yi ciki ko aka aurar damar komawa aji, sannan shirin gina makarantun kwana na 'yan mata, wanda aka fara da na Kelle a jihar Damagaram a 2021, an yi shi ne daidai domin matsalar masauki. Ginin kwana kaɗai ba ya kare kowa sai da mata masu kula da aka tantance, da katanga, da fitila, da makewayi mai ƙofa. Kafin irin wannan gini ya wadata, iyayen Attantane suna da abin da ke hannunsu: uwa ko gwaggo ta je da kanta ta ga inda yarinyar za ta kwana, a san matar gidan ba mai gidan kaɗai ba, a riƙa aika mata ɗan abin kashewa da sunanta ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana domin kada sabulu da kuɗin kabu-kabu su sa ta miƙa hannu ga wani, a kuma gaya mata tun kafin ta tafi, da baki ba da ishara ba, cewa idan wani abu ya faru za a saurare ta kuma ba za a cire ta daga makaranta ba.

Saura abin da ya rataya a kan jami'a bayan an kai ƙara, wanda shi aka fi mantawa. Binciken babban laifi a kotu yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, jarrabawar zango kuwa ba ta jiran alƙali. Ɗalibar da ta kai ƙarar malaminta tana buƙatar a ɗauke takardunta daga hannunsa a cikin makon, a ba ta wani mai duba kundi, a sauya mata ɗaki idan wanda take ƙara ɗalibi ne a kusa da ita, a ɗaga mata jarrabawar da ta faɗo cikin kwanakin jinya ba tare da an rubuta mata sifili ba, kuma a dakatar da wanda ake zargi daga hulɗa da ita har a gama bincike, ba tare da an yanke masa hukunci kafin a saurare shi ba. Kwamitin da zai yi wannan ya kamata ya kasance da mata a ciki, da wakilin ɗalibai, da mutum guda aƙalla daga wajen jami'a, yana da lambar waya da aka manna a ƙofar kowane ɗakin kwana da kowane zauren darasi, kuma yana kai rahotonsa ga shugaban jami'a kai tsaye ba tare da ya bi ta sashen da abin ya faru ba.